Bela Bartok, makaɗin ƙasar Hangari (1881-1945)

An haifi Bela Bartok ran 25 ga Maris 1881, a wani gari na Hangari wanda yau yake cikin Romaniya. Wurin uwarsa ya fara koyon kiɗan fiyano, kana ya shiga babbar makarantar kiɗa ta Budafes.

A zamanin nan ƴan birni sun raina waƙar ƙauye, tsofaffi kuwa suna ta rasuwa da ita a baki. Daga 1906 shi da abokinsa Zoltan Kodai suka riƙa bin ƙauyuka da na'urar ɗaukar murya, suna tara waƙoƙin noma da na biki da na reno, irin waɗanda matan Dawce ke yi bakin turmi. Aikin ya kai shi Biskara ta Aljeriya a 1913, da Turkiyya a 1936. Ya tara dubbai, ya rubuta su, kuma daga karinsu ya gina nasa kiɗa.

Da Hitila ya hau mulki a 1933, Bartok ya daina wasa a Jamus. A 1940 ya yi hijira zuwa Amurka, inda sankarar jini ta yi ajalinsa ran 26 ga Satumba 1945. A 1988 aka maido da ƙasusuwansa Budafes.