Henri Toivonen, Direban Tseren Mota na Ƙasar Finlan

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in ba ku labarin wani direba wanda bai taɓa zama zakaran duniya ba, amma sunansa bai ɓace ba.

An haifi Henri Toivonen a garin Jyväskylä na ƙasar Finlan ran 25 ga Agusta 1956. Ubansa, Pauli, shi ma gwanin tsere ne, don shi ya ci tseren Monte Carlo a 1966. Barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Irin wannan tsere ba a fili a ke yinsa ba. A kan bi hanyoyin kurmi da na duwatsu, wani lokaci bisa ƙanƙara. Motoci su kan tashi ɗaya bayan ɗaya, a auna lokacin kowace. Gefen direba akwai abokin tafiya mai karanta masa kwanar da ke gaba, don haka ran kowannensu yana hannun ɗan'uwansa.

A 1980 Henri ya ci babban tseren Birtaniya da mota Talbot, yana da shekara 24. Ba a sami wanda ya ci irin wannan nasara da ƙarancin shekaru kamarsa ba sai 2008. Ya sake cin tseren nan a 1985 da Lancia Delta S4, sa'an nan a farkon 1986 ya ci na Monte Carlo, watau shekara 20 bayan ubansa.

Motocin zamanin, waɗanda a ke kira Rukunin B, ba su da nauyi, ga ƙarfi ya wuce kima. Ran 2 ga Mayu 1986, a tsibirin Kosika, Henri yana kan gaba, sai motarsa ta kauce a wata kwana, ta faɗa kwazazzabo, ta kama wuta. Shi da abokinsa Sergio Cresto suka mutu nan take. Shekarunsa 29. Nan da nan hukumar tseren ta yanke cewa daga 1987 ba za a ƙara sa Rukunin B cikin gasar duniya ba.

To, nasarorinsa a gasar duniya uku ne kawai. 'Yan ƙasarsa Juha Kankkunen da Tommi Mäkinen kuwa kowannensu ya zama zakara sau huɗu. Duk da haka a kan ambaci Henri tare da su, har a 1988 aka soma wata gasar zakaru domin tunawa da shi.

A ganina dalili biyu ne. Ya tafi ana tsakiyar sa masa rai, mutane kuwa ba su manta alkawarin da bai cika ba. Na biyu, mutuwarsa ta tilasta aka gyara doka domin kiyaye rayukan na baya. Mu da za mu koyar da yara, ya kamata mu nuna musu ƙwazonsa, mu kuma nuna musu abin da ganganci na masu ƙera mota da masu doka ya jawo.