Samuel Colt

Samuel Colt (19 ga Yuli, 1814 – 10 ga Janairu, 1862) ɗan kasuwa ne kuma maƙerin makamai ɗan ƙasar Amurka, wanda ya yi suna wajen ƙera libarba, wato ƙaramar bindiga mai ganga da ke juyawa. Bindigogin zamaninsa galibi harbi ɗaya suke yi sai an sake ɗura musu albarushi ta baki, kamar adakar da mafarautan ƙasar Funtua da Malumfashi suka sani. Tasa kuwa tana harbi biyar ko shida kafin a sake ɗuri.

Farkon rayuwa

An haife shi a garin Hartford na jihar Connecticut. A shekarar 1830 mahaifinsa ya tura shi koyon aikin jirgin ruwa, ya bi wani jirgi mai suna Corvo zuwa Kalkata ta ƙasar Indiya. A wannan tafiya ce ya sassaƙa samfurin bindigarsa da itace. Da ya dawo ba shi da jari, sai ya riƙa yawo gari-gari da sunan Dakta Coult, yana shaƙa wa 'yan kallo iskar da ke sa mutum dariya, yana tara kuɗin biyan maƙera.

Karyewa da farfaɗowa

Ya sami takardar mallakar ƙirarsa a Ingila a 1835, sannan a Amurka ranar 25 ga Fabrairu, 1836. A shekarar ce aka buɗe masana'antarsa ta farko a Paterson, jihar New Jersey. Ciniki bai kankama ba, kamfanin ya karye a 1842.

Yaƙin Amurka da Meziko ne ya tashe shi. A 1847 Kyaftin Samuel Walker, wanda ya ga amfanin bindigar Paterson a hannun dakarun Texas, ya taimaka masa wajen fitar da sabuwar ƙira, gwamnati kuma ta yi odar guda 1,000. Da yake ba shi da masana'anta a lokacin, a ta Eli Whitney ƙarami aka yi aikin, aka ƙara guda 100 don sayar wa farar hula. Daga nan ya kafa tasa a Hartford, inda injuna ke fitar da sassa iri ɗaya da za a iya musanyawa. Ya baje hajarsa a babban bikin baje koli na Landan a 1851, ya kuma buɗe reshe a birnin, wanda aka rufe a 1856.

Iyali da mutuwa

Ya auri Elizabeth Jarvis a 1856. Ana sukarsa da cewa ya ci gaba da sayar wa jihohin kudu makamai har gab da ɓarkewar yaƙin basasar Amurka a 1861. Ya mutu yana da shekara 47, ya bar dukiyar da aka ƙiyasta ta kai dala miliyan 15. Gobara ta cinye masana'antar a 1864, matarsa ta sake gina ta.

Bindigoginsa a hannun masu tara kayan tarihi

Bindigogin da ya ƙera lokacin da yake fama da rashi su ne suka fi daraja a yau, saboda ƙarancinsu. Ana gane ƙirar Paterson da kunamarta wadda ke ɓuya sai an ɗana bindigar. Ƙirar Walker tana da nauyin kusan kilo 2, kuma gangunan da yawa daga cikinta sun fashe a fagen daga, don haka kaɗan suka rage. A 2018 an yi gwanjon ɗaya daga cikin na farar hula a kan dala miliyan 1.84. Wannan tsada ta sa jabunta suka yi yawa.

Ƙirar Navy ta 1851 ta fi samuwa, domin an yi sama da 200,000. A jikin gangarta akwai zanen yaƙin jiragen ruwa na Campeche na 1843. Masana kan duba lambar ƙira a bututu da ganga da gindin mariƙi. Idan lambobin suka saɓa, an haɗa sassan ne daga bindigogi daban-daban, farashi kuma ya faɗi.

Wajen adanawa, ragowar albarushi da laima su ne ke jawo tsatsa. Akan shafa mai kaɗan, a ajiye a busasshen wuri, ba a cikin kuben fata ba. Gogewa da yashi ko sake rina ƙarfen yana shafe zane da tambari, ya zubar da darajar bindigar. A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta hana mallakar libarba ba tare da lasisi ba.