Imamu Malik, malamin da ke karɓar gyara

Ɗan'uwa mai karatu, mafi yawan musulmin ƙasarmu Nijar suna bin mazhabar Malikiyya. Littafin Risala da ake karantawa a zaurukan malamai na Damagaram, Maraɗi da Tawa, na wannan mazhaba ne. To, ka san mutumin da mazhabar ta ci sunanshi?

Sunanshi Malik ɗan Anas. An haife shi a Madina wajen shekara ta 711, wato 93 bayan Hijira. A Madina ya zauna, can ya koyar, can kuma ya rasu a shekara ta 795. An rufe shi a maƙabartar Baƙi'a. Shi ne ya tsara littafin Muwaɗɗa.

Malaman tarihi sun ce, sa'ad da yake yaro, wasa da tantabaru ya ɗauke mishi hankali. Wata rana ubanshi ya yi musu tambaya, shi da ɗan'uwanshi. Ɗan'uwan ya amsa daidai, Malik ya kuskure. Uban ya faɗa mishi gaskiya: tantabaru sun hana shi karatu. Maganar ta yi mishi zafi ƙwarai, amma bai tsaya gardama ba. Sai ya tafi wurin wani malami mai suna Ibnu Hurmuzu, ya lizimce shi wajen shekara 7. Ka gani? Faɗan uba guda ya canza rayuwarshi duka.

Da ya girma, bai fara ba da fatawa da gaggawa ba. Sai da malamai 70 na Madina suka shaida ya isa. Kuma ko bayan sunanshi ya kai ko'ina, in an tambaye shi abin da bai sani ba, sai ya ce bai sani ba. An rawaito cewa an yi mishi tambaya 48, ya nuna bai san amsar 32 ba. Bai ji kunya ba.

Ga kuma wani labari. Wata rana aka tambaye shi batun tsettsefe yatsun ƙafa wajen alwala. Ya ce ba a ɗora wa mutane wannan ba. Almajirinshi Ibnu Wahabi, mutumin Masar, yana wurin. Bai yi magana cikin taro ba. Sai da mutane suka ragu, sannan ya matso ya kawo mishi wani hadisi a kan batun. Malik ya saurara, ya yarda bai taɓa jin hadisin ba sai ranar. Daga nan, duk wanda ya tambaye shi, sai ya umurce shi da tsettsefewa.

Duba abu biyu a nan. Almajiri ya yi gyara cikin ladabi, bai kunyata malaminshi gaban jama'a ba. Malami kuma ya karɓa, bai ce yaro ne ba.

Kai fa? In malamin aji ya ce baƙin da ka rubuta ya karkace, ko matarka ta ce lissafin buhunan hatsi bai cika ba, mi kake yi? Wasu sukan yi fushi su bar karatu, su koma gida da jahilcinsu. Kada ka zama cikinsu. Ka saurara, ka auna maganar, in gaskiya ce ka gyara. Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba.