Malam Muhammadu Bakatsine, Gwanin Lissafi

Ya kai mai karatu, ka taɓa ganin hatimi a allon malam? Gidaje ne a jere, kowane gida da lambarsa. To, yau ga labarin wani malami da ya ƙware a lissafin hatimi.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu. Bafillace ne, mutumin ƙasar Katsina. Larabawa na kiran sa Alkashnawi, wato Bakatsine. A ƙasarmu ya yi karatu, ya san ilmin taurari da na lissafi. Daga baya ya kama hanyar Makka. A lokacin nan babu mota, babu jirgin sama. Sai ƙafa, sai raƙumi.

A shekarar 1732 ya rubuta littafi da Larabci, ya nuna yadda ake tsara hatimi. Dubi wannan:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Haɗa layin sama: 4 da 9 da 2, ka sami 15. Haɗa daga sama zuwa ƙasa, 15 ne. Bi daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 ne dai. Ka gani? Ba a maimaita lamba ko ɗaya ba.

Yanzu ƙidaya gidajen. Layi 3, kowane layi gida 3, gida 9 ke nan. In layi 5 ne, gida 25. In 7 ne, gida 49. Lamba ce ake ninkawa da kanta. Shi ya sa ba za ka sami irin wannan hatimi mai gida 10 ko 20 ba. Babu cikakkiyar lambar da za ta ninka kanta ta ba ka 10.

Malam Muhammadu ya zauna a Alƙahira, a gidan malami Hasan Aljabarti. Can ya rasu a shekarar 1741. Bai komo gida ba, amma littafinsa bai ɓace ba.

Kai fa? Ranar Lahadi za ka shiga kasuwar Baleyara da tunkiya ko buhun hatsi. In ba ka iya lissafi ba, wani ne zai yi maka, kuma ba kowa ke da amana ba. Kada ka ce ka tsufa. Sannu ba ta hana zuwa.

Ɗauki alli, ka zana gida 9. Sa 5 a tsakiya, ka cike sauran da kanka.