Mary Slessor da Aikin Sulhu a Okoyong

Yawancinmu a kan tagwaye muka san Mary Slessor, yadda take ɗauko jariran da aka jefar a daji a ƙasar Kalaba. Amma akwai wani aikin nata da ba mu cika koya wa yara a Makarantar Lahadi ba, wato shiga tsakanin masu shirin yaƙi.

An haife ta a Aberdeen, ƙasar Sikotilan, a 1848. Mahaifinta mashayi ne, shi ya sa tun tana 'yar shekara 11 ta fara aiki a masaƙa a Dundee. A 1876 mishan ɗin Presbyterian ya aiko ta Kalaba, ta koyi harshen Efik har ta ji shi kamar 'yar gari.

A 1888 ta ƙaura zuwa Okoyong. A can, in babban mutum ya mutu sai a ce maita ce, a kama matansa da bayinsa, a shayar da su gubar waken esere. Wanda ya mutu shi ne mai laifi. Daga nan sai ɗaukar fansa tsakanin ƙauyuka, mata kuwa su ne na farkon shiga hannu. Da Etim, ɗan sarki Edem, ya rasu bayan gungume ya faɗo masa, aka kamo mutane daga wani ƙauye aka ɗaure, har da mata. Mary ta zauna kusa da su dare da rana tana roƙo tana gardama, har aka sake su duka, aka yanka saniya a madadinsu.

Ba ita kaɗai ta yi wannan aiki ba, kuma a ganina muna yi wa Ma Eme rashin adalci da muke mantawa da ita. 'Yar'uwar sarki Edem ce, gwauruwa, ita ce ke aika wa Mary labari a ɓoye in ana shirin kai hari. Sai Mary ta bi daji da ƙafa ta riga mayaƙan isa, ta zauna a tsakiya da saƙarta a hannu ana ta shawara har zukata su huce, a koma maganar biyan diyya.

A 1892 Turawan mulki suka ba ta shugabancin kotun gargajiya ta Okoyong, abin da har yau wasu ke ganin ya kusantar da ita da mulkin mallaka fiye da kima. Ta rasu ranar 13 ga Janairu 1915 a Use Ikot Oku, aka binne ta a Kalaba.