Antoine Lavoisier: Mutumin Da Ya Auna Cin Wuta Da Cin Dabba

Bahaushe yakan ce wuta ta ci itace, yakan kuma ce sa ya ci harawa. Ɗalibin harshe zai iya ɗaukar wannan a kan aron ma'ana kawai, watau an ari aikin baki an ba wuta. Amma masana kimiyya sun tabbatar cin nan biyu iri ɗaya ne, sai dai wani ya fi wani gaggawa. Manomin ƙasar Karaye ko Rogo da yakan tsaya a kan tarin karan dawa bayan kaka, yana shawarar ko ya ajiye wa shanun huɗa ko ya bar wa mata su hura wuta, abu guda yake rabawa tsakanin turke da murhu. Wannan maƙala za ta ba da tarihin Bafaranshen da ya fara nuna haka da awo.

An haifi Antoine Lavoisier a birnin Faris ran 26 ga Agusta, 1743. Mahaifinsa lauya ne mai hali, mahaifiyarsa kuwa ta rasu yana da shekara biyar. Ya karanta shari'a kamar ubansa, amma hankalinsa yana wajen duwatsu da ruwa da iska. A 1766 ya sami lambar zinariya saboda rubutun da ya yi a kan yadda za a haskaka titunan birni da dare, a 1768 kuma aka shigar da shi Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa.

A cikin wannan shekara ce ya ɗauki matakin da ya zama sanadin arzikinsa da kuma ajalinsa. Ya sayi hannun jari a ƙungiyar attajiran da ke karɓar wa sarki harajin gishiri da taba da kayan da ke shiga birni. Sukan biya sarki wani adadi, abin da suka tatsa a kan haka ya zama nasu. Wanda ya ji labarin jakadu da masu jangali a ƙasar Hausa ba ya bukatar a gaya masa irin kallon da talaka yake yi wa mai wannan sana'a. Har ila yau da shawararsa aka fara kewaye Faris da ganuwa a 1784, ba don tsoron abokan gaba ba, sai don kada kaya su shige ba a biya kuɗin ƙofa ba. A ganina bai kamata a wanke shi daga wannan ba don yana masani. Da kuɗin nan dai ya sayi ma'aunan da ba kowa ke da irinsu ba. A 1771 ya auri Marie-Anne Paulze, 'yar abokin aikinsa, wadda ta koyi Ingilishi tana fassara masa littattafai, tana zana kayan aikinsa, tana rubuta sakamakon gwaji.

Kafin zamaninsa masana sun ɗauka cewa idan abu yana ƙonewa wani sinadari ne ke fita daga cikinsa. Lavoisier ya nuna cewa haɗuwa abin yake yi da wani sashe na iska, wanda shi ya raɗa wa suna oksijin. To, da yake dabba ma wannan iska take shaƙa, ta kuma fitar da irin iskar da gawayi ke fitarwa in yana ci, sai ya yi zaton numfashi wata wuta ce mai ci sannu a hankali.

A hunturun 1782 zuwa 1783, shi da masanin lissafi Pierre-Simon Laplace suka ƙera wata tukunya mai ɗaki uku, wani cikin wani. A ɗakin tsakiya ake sa abin da za a auna. Na biyu an cika shi da ƙanƙara, da 'yar kafa a ƙasa inda ruwan da ya narke ke tsiyaya. Na waje shi ma ƙanƙara ce, aikinta ta tare zafin gari. Ke nan duk ruwan da ya tsiyayo daga ɗaki na biyu, zafin abin da ke tsakiya ne ya narkar da shi. Suka sa ɓeran Masar a ciki awa goma, ya narkar da ƙanƙara kimanin oza 13. Sa'an nan suka lissafa gawayin da zai fitar da iska daidai da wadda ɓeran ya fitar, suka ga zafinsa zai narkar da oza 10 da ɗan ɗoriya. Adadin bai zo daidai ba, amma ya yi kusa ƙwarai. Ya yi kuskure da ya zaci a huhu wutar take, domin yanzu an san a ƙwayoyin jiki duka ake ƙonawar. Wajen 1790 ya sake gwaji da abokin aikinsa Armand Séguin, ya ga mutum yakan ƙara shan oksijin in yana aiki, ko yana jin sanyi, ko ya ci abinci.

Daga wannan tukunya awon yau ya samo asali. A 1881 wani Bafaranshe, Marcellin Berthelot, ya fito da tukunyar ƙarfe mai kauri da ake kira bom. Akan busar da abin da za a gwada, a niƙa, a ɗebi kamar giram ɗaya a rufe a ciki, a ɗura oksijin da ƙarfi, a nutsar da tukunyar a ruwan da aka san yawansa, a kunna da wayar lantarki. Gwargwadon ɗumin da ruwan ya ƙara, gwargwadon ƙarfin abin. Giram ɗaya na sitaci yakan ba da kilokalori 4 da 'yan kai, man gyaɗa ya haura 9, sinadarin itanol da ake tatsa daga rake ko rogo don zuba wa mota kuwa wajen 7.

Sai dai akwai wani abin lura. A cikin bom, busasshen karan dawa da ƙwayar masara kusan zafi ɗaya suke bayarwa, alhali kowane mai kiwon rago ya san ba ɗaya suke a turke ba. Wuta tana cinye komai, dabba kuwa tana zubar da wani kaso a kashi da fitsari da gyatsa. Saboda haka mai auna makamashi zai iya tsayawa a bom, amma masu binciken abincin dabbobi, irin na cibiyar Shika kusa da Zariya, dole su koma kan dabbar kanta su auna abin da ya shiga da abin da ya fita. Wannan kuwa hanyar Lavoisier ce da ɓeransa.

Juyin juya halin Faransa ya ɓarke a 1789, shekarar da babban littafinsa na kimiyyar sinadarai ya fito. A 1791 aka rushe ƙungiyar masu haraji, a Nuwamba 1793 aka kama shugabanninta. Ran 8 ga Mayu, 1794, aka yi musu shari'a, aka sare kawunan mutum 28 a wuni guda, har da Lavoisier da surukinsa. Yana da shekara 50. Gwamnati ta ƙwace kayan aikinsa da takardunsa, amma matarsa ta bi su har aka mayar mata, ta kuma buga rubuce-rubucen da ya bari. Ta rayu har 1836. Tukunyar ƙanƙarar tana ajiye a gidan adana kayan fasaha da ke Faris.