Alfred Wegener, Malamin da Ya Gano Nahiyoyi Suna Tafiya

Gawayin da ma'aikatar Sonichar take haƙowa a Anu Araren ragowar itatuwan fadama ne da ƙasa ta binne shekaru fiye da miliyan 300 da suka shige. To, ƙaƙa aka yi fadama ta koma hamada? Ɗaya daga cikin malaman da suka buɗe ƙofar gane wannan al'amari shi ne Alfred Wegener, mutumin Jamus.

An haife shi a birnin Berlin ran 1 ga watan Nuwamba 1880. Ya yi karatun ilmin taurari, amma daga baya ya maida hankali ga binciken iska da yanayi. Wannan aiki ya kai shi tsibirin Girinlan, ƙasar ƙanƙara, har sau huɗu.

Wegener ya lura a taswira cewa gaɓar Afirka ta yamma da gaɓar Amurka ta Kudu sun dace da juna kamar ƙwarya da ta fashe biyu. Bai tsaya nan ba, sai ya shiga tara hujjoji. Ya ga an samu ƙasusuwan dabba iri ɗaya a Barazil da kudancin Afirka, alhali dabbar ba ta iya ƙetare teku. Ya ga akwai gawayi a tsibiran arewa masu tsananin sanyi, akwai kuma sawun ƙanƙara a duwatsun Indiya mai zafi. Sai ya yanke cewa a dā nahiyoyi duka a haɗe suke, ƙasa guda, wadda ake kira Panjiya, sa'an nan ta tsage, kowane yanki ya kama hanyarsa, yanayinsa yana sākewa. Ya bayyana wannan ra'ayi a birnin Frankfurt cikin 1912, ya kuma fitar da littafi a kansa cikin 1915, bayan ya samu rauni a Yaƙin Duniya na Farko.

Galibin masana duwatsu ba su yarda ba. Suka ce shi malamin yanayi ne, ya shiga gonar da ba tasa ba. Suna kuwa da hujja guda mai ƙarfi: Wegener bai iya nuna ƙarfin da yake tura nahiya ba. Duk da haka bai janye ba, ya yi ta gyaran littafinsa yana ƙara shaida.

Cikin 1930 ya koma Girinlan. Ya kai kayan agaji ga abokan aikinsa da suke zaune a tsakiyar ƙanƙara, a hanyar komowa ajali ya same shi cikin watan Nuwamba, yana da shekara 50. Sai a watan Mayu 1931 aka ga gawarsa.

Gaskiya dai ba ta ɓata. Cikin shekarun 1960 binciken ƙarƙashin teku ya nuna cewa ɓawon duniya faifai-faifai ne, kowanne yana gusawa santimita kaɗan a shekara. Inda biyu suka haɗu suna gogayya, nan girgizar ƙasa ta fi aukuwa, kamar wadda ta rushe birnin El Asnam na Aljeriya cikin 1980. Nijar tana tsakiyar faifan Afirka, nesa da bakinsa, shi ya sa babbar girgiza ba ta cika samunmu ba.

Ƙasarmu ma ta ba da tata shaida. A Gadufawa, kudu maso gabas da Agadas, an tono ƙasusuwan wani ɗan kada wanda aka riga aka san danginsa a Barazil. Cikin 1981 masanin Faransa Eric Buffetaut ya raɗa masa suna Araripesuchus wegeneri, don girmama Wegener. Ta haka, shekara 51 bayan rasuwarsa, sunan malamin da aka ƙi saurara ya shiga tarihin ƙasar Agadas.